Shekara Tara Ana Rawa da Kukan Tabawa

Ku ajiye wayoyin nan tukuna, ku matso. Ɗazu na ji ɗayanku yana cewa aikin nan danna maɓalli ne kawai, a sa tsohon kaset ta nan, murya ta fito ta can cikin waya, a miƙa wa mai kaya. To, madalla. Ni ma bakina ya taɓa faɗin haka. Kuma tun da kuka fara zuwa shagon nan ran Juma'a kuke tambayata dalilin da ya sa ban canza wancan tayil ɗin da ya tsage a tsakiyar ɗaki ba. Yau zan gaya muku duka biyun, don zancen ɗaya ne.

Sunana Habu, mutumin Damagaram. Na fi shekara talatin a Riyad. Shara aka kawo ni yi. Kafilina, wato Balaraben da ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar, yana da wannan shago na tasjilat a nan Gubaira, wato inda ake naɗar kaset ana sayarwa, kuma mai riƙe da aikin wani Basudane ne, Mu'allim Bashir, dogo, siriri, wanda ba a ganin haƙoransa sai ranar salla. Wata shida na yi ban taɓa kaset ɗin kowa ba. Abin da ya ba ni shi ne auduga a tsinke da kwalbar sifirit, in goge kan rikoda, wato ɗan ƙarfen da tef yake gogawa a kai don sauti ya fito. In na gama sai ya duba audugar. In ya ga fari tas, ya ce ban goge ba. In ya ga ta yi baƙi da yawa, ya ce jiya ban goge ba. Bayan nan ya ba ni reza da ɗan katako mai tsagi, ya koya mini haɗa tef da ya tsinke. Ana yanka shi a karkace, ba a miƙe ba, don kada mai sauraro ya ji "ƙas" a wurin haɗin. Kaset ɗina na farko da na haɗa, karatun wani malami ne. Mu'allim ya saurara sau uku, ya nuna daidai wurin da na yanka da yatsa, ya ce, "Marra tanya." Wato a sake. Kalmar Larabci ta farko ke nan da ta zauna mini.

Aikin da ya fara buɗe mini kunne, wani injiniya ɗan Zariya ne ya kawo shi. A Malaz yake zaune. Ya shigo da akwati cike da faya-fayan garmaho, baƙaƙe, masu nauyi, waɗanda ya tsinto lokacin da yake karatu a ƙasar waje. Ya ce waƙoƙin baƙaƙen matan Amurka ne na tun kafin a haifi ubansa, irin waƙar da suke kira bulus. Wasu matan, in ji shi, faifai ɗaya tak suka yi a duniya, ba hoto, ba wanda ya san inda aka binne su, sunan da ke jikin faifan ma ba lallai nasu ba ne. Yana so a juye masa su a kaset kafin su farfashe.

Mu'allim ya wanke kowane faifai da ruwa da burushi mai laushi, yana bin zanen a zagaye, ya jingine su a inuwa. Ya cire siririyar allura ya sa mai kauri, don zanen tsohon faifai ya fi faɗi. Da ya ɗora na farko, sai ƙara ta fara, shuuu, kamar ana suya, sannan wata mata ta fito daga cikin ƙarar. Ban ji kalma ɗaya ba, amma wallahi tsintsiya ta tsaya a hannuna. Irin jan muryar nan ce ta matan garinmu in suna niƙa su kaɗai, ba su san ana jin su ba. Ni a wurina aiki ya yi kyau. Mu'allim kuwa ya ɗaure fuska, ya ɗage allura. Ya ce faifan yana gudu. Na ce ai an rubuta saurinsa a jiki, kuma a nan ya sa. Ya ce wanda ya rubuta bai tsaya a ɗakin da matar ta yi waƙa ba. Injinan da, kowanne da irin tafiyarsa. Ya yini a kan faifai ɗaya, yana rage gudu kaɗan-kaɗan, yana sauraron inda matar take jan numfashi. Ya ce mini, "Ya Habu, mutum ba ya numfashi da sauri haka sai in ana korarsa. Saurari numfashi, ba waƙa ba." Na ce to. Na ji da kunne, ban ajiye ba.

Abin da na ajiye daban ne. Na ce in waɗannan matan na wata duniya sun sami mai wanke musu faifai, namu fa? Zabiyoyin ƙauye, masu waƙar daka da ta niƙa, waɗanda gidan rediyo bai taɓa kira ba. Sai na fara roƙon duk mai tafiya hutu gida ya bincika mini akwatunan tsofaffi. Ana kawo mini kaset da ƙura, wani da gidan zanzaro a ciki. Ina juyewa, ina rubuta sunan mai waƙa da garinta in an sani. Mutanenmu na Manfuha, direbobi da masu gadi da masu aikin gini, suna saye su kai ɗaki. Mutum ya yini ana ce masa yalla yalla, wato yi sauri, in ya dawo yana son ya ji muryar da ta san sunan garinsu.

Wata rana, bayan Mu'allim Bashir ya tsufa ya koma ƙasarsu, wani direba ɗan Maraɗi ya sauke mini kwali biyu. Kawunsa ne ya rasu, tsohon malamin gona da ya yi yawon ƙauyuka da ƙaramar rikoda mai batir yana naɗar abin da ya burge shi. Kwali ɗaya tef ne mai kwarkwaro, irin na gidan rediyo, ba kaset ba. Ɗayan kuma babban injin da marigayin yake sauraronsu da shi a gida. Ni ba ni da irin injin nan a lokacin, don haka na yi murna ƙwarai. Na duba ƙarfin wutar da yake sha, ya yi daidai. Na canza masa roba, na ɗiga mai, na jona. Ya tashi lafiya lau.

A jikin kwalin tef na huɗu an rubuta "Tabawa, daka," da sunan wani ƙauye kudu da Tasawa. Da na kunna, sai ga wata murya siririya, mai zaƙi, tana tsalle a kan bugun taɓarya, dum-dum-dum, da sauri, wata ƙaramar murya tana yi mata amshi. Kai! Na ce wannan yarinya Allah ya yi mata baiwa. Ban tsaya sauraron numfashi ba. Na juye. Na ga bugun taɓaryar yana danne muryar, sai na rage shi. Na ƙara ɗan amsa-kuwwa don ta yi armashi. Na sa aka buga takarda, da hannuna na rubuta "Tabawa, Budurwar Tasawa." Ba wanda ya ce mini budurwa ce. Ni na ga dama.

Abin ya karɓu fiye da duk abin da na taɓa fitarwa. Daga kaset ya koma sidi, daga sidi ya shiga waya, daga wayoyin Riyad ya koma gida. Ana sa shi a biki, mata suna rawa. Samari suna sa shi ƙarar kira. Da saurin nan ba mai tsayawa ya ji abin da take faɗa, jiki ne kawai yake amsawa. In na shiga bagala, wato kantin unguwa, sayen burodi sai in ji an ce, "Ga mai Tabawa nan." Ina jin daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Shekara tara ana haka.

A cikin shekarun nan ne muka yi baƙar shekara. Kaset ya mutu, sidi ya bi shi, kowa yana tura wa kowa waƙa a banza. Kafili ya ce zai mayar da shagon na gyaran waya, ya rufe shi wata huɗu yana shawara, ni kuma ya tura ni gadin wani sito. Tsakiyar zafi ne, an kashe na'urar sanyi, ga bututun ruwa na sama yana ɗiga ta bango ba wanda ya sani. Kun san zafin garin nan. Da aka buɗe, warin da ya tare ni a ƙofa ya gaya mini komai. Tef ya manne da juna, wasu sun yi fari da fumfuna. Na zubar da abin da ya fi rabi. Muryoyin mata da yawa sun ƙare a kwandon sharar hukuma a wannan makon, kuma babu su a ko'ina. Na Tabawa ya tsira, amma ya yi danƙo. Na naɗe shi a leda na sa a sama, na ce ai ina da shi a kwamfuta.

Ranar wata Talata bayan la'asar, wani magidanci ya shigo, ya yi sallama, ya ce sunansa Lawali, yana tuƙin motar ruwa, mahaifiyarsa na waje tana son magana da ni. Na ce bisimilla. Ta shigo a hankali, doguwar mace, ta kai sittin, Hajiya Rakiya. Na ba ta kujera, na gaishe ta. Ta amsa gaisuwa cikakkiya, ta tambayi iyali, ta tambayi aiki. Sannan ta ce, "Malam, kai ne mai Tabawa?"

Na ce ni ne, Hajiya, har ina gyara zama.

Ta ce, "To kai ne ka mayar da uwata yarinya."

Ban gane ba. Ta ce Tabawa mahaifiyarta ce, ita ce auta, kuma ƙaramar muryar da ke amshi tata ce. Ranar da malamin gona ya zo da akwatinsa, Tabawa tana da jikoki. Murya gare ta mai kauri, in ta yi kira daga rijiya ana ji a bakin kasuwa. Waƙar kuma ba ta biki ba ce. Ɗanta namiji ɗaya, wan Hajiya Rakiya, ya tafi kudu ci-rani a shekarar yunwa, bai dawo ba, ba a ga gawa ba, ba a sami labari ba. Tun daga nan kullum in tana daka sai ta auna har da rabonsa, tana wannan waƙa.

"Na je suna a Manfuha," in ji ta, "na tarar ana rawa da kukan uwata. Har da guɗa."

Na rasa inda zan sa idona. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wallahi ban sani ba."

Ta ce, "Na san ba ka sani ba. Ba faɗa na zo yi ba. Ni ba ni da hotonta ko ɗaya, muryarta ce kawai a kaina. To tun da na ji wannan abin a wayar jikana, in na rufe ido ina neman Inna, wannan yarinyar ce take fitowa. Ta kore ta. Jiya na yi na yi in tuna yadda take kiran sunana, na kasa." Ta dube ni. "In kai ka ɓatar da ita, kai za ka nemo ta."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, har da tsoro. Na ce ta ba ni mako biyu.

Da suka tafi na ciro injin malamin gona na kai wa wani Bafakistane mai naɗin wayar injina a layin bayanmu. Bai ko kunce shi ba. Ya juya bayansa, ya goge wani ɗan farantin ƙarfe da babban yatsa, ya nuna mini lamba hamsin. Ya ce wutar ƙasarku tana bugawa sau hamsin a sakan ɗaya, ta Saudiyya sau sittin, kuma irin wannan tsohon inji da bugun wuta yake auna tafiyarsa. Duk abin da ya kamata ya yi taku biyar, a nan shida yake yi. Ni ƙarfin wuta na duba, ban san tana da bugu ba. Shekara tara ɗan farantin nan yana bayan inji, yana kallon bango.

Za ku ce ai sai in rage gudun wanda ke kwamfuta. Na gwada. Amma na riga na ɓata shi da hannuna, na yanke taɓarya, na zuba amsa-kuwwa. Da na rage sai ya zama kamar mutum yana magana a cikin randa. Dole in koma kan tef na asali, wanda ya yi danƙo. Irin wannan in ka ɗora shi haka, jan garin da ke jikinsa, mai riƙe da sauti, yana saɓulewa ya bar maka leda fara. Maganinsa a gasa shi da ɗumi kaɗan, danƙon ya kwanta na ɗan lokaci. Na fara ɗaga shi a haske kamar yadda Mu'allim ya nuna mini, don akwai irin da haske ke ratsawa, shi ba a kai shi kusa da wuta. Wannan bai ratsa ba. Na sami kwali, na sa ƙwan lantarki a ciki da ma'aunin zafi, na ajiye tef a kan ragar ƙarfe. Kwana biyu ina leƙawa, ina juya shi. Ya huce kwana ɗaya. Na san sau ɗaya zai wuce ta kan inji, babu na biyu.

Da hantsi na ɗora shi, bayan na rufe ƙofa na yi alwala. Na shimfiɗa farin ƙyalle a ƙarƙashi. Na ce bisimilla, na danna. Kwarkwaro ya juya. Ina kallon jan gari yana zuba a kan ƙyallen kaɗan-kaɗan, wato abin da ya wuce kai ya wuce ke nan har abada. Minti shida da wani abu. A kusa da ƙarshe tef ya yi ƙara, ya ja, na tallafe shi da yatsa har ya fita. Na duba kwamfuta, ya shiga duka, da taɓarya da kukan kaza da tarin wani tsoho. Ban taɓa komai a ciki ba.

Na yi lissafin biyar da shida na rage. Murya ta sauko, ta zama ta babbar mace. Amma da na saurari numfashi, har yanzu ana korarta. Sai na tuna da ƙaramar rikodar malamin gona. Batir ne, a ƙauye, wa ya san ko ya yi sanyi a ranar? In batir ya yi sanyi tef yana jan ƙafa, in an kunna daga baya sai ya yi gudu. Nawa ya ja? Babu takardar da za ta faɗa. Lissafi ya kawo ni rabin hanya ya tsaya.

Na kira Lawali na ce ya kawo Hajiya, ta saurara ta ce mini ga wurin. Ta zo, na sa mata, ina ragewa ina ƙarawa. Ta yi ta girgiza kai. Ta ce, "Malam Habu, kunnena ya ruɗe. Duk wadda ka sa sai in ji kamar ita ce, kamar ba ita ba." Hawaye ya taru mata. Can sai ta ce, "Amma wace mace ce za ta yi daka haka? Ai kafaɗa sai ta cire." Ta juya wurin ɗanta. "Lawali, je gida ka ɗauko mini turmi. Ka biya wurin 'yan Sudan ka auno gero."

Ya ce, "Inna, a shagon mutane?"

Ta ce, "Je ka, na ce."

A nan aka ajiye turmin, inda kuke gani. Ta zuba gero, ta yayyafa ruwa, ta ɗaure mayafi a ƙugu. Na ce, "Hajiya, kada ki wahalar da kanki, hannunki ba na da ba ne." Ta ce, "Shekarunta na ranar su ne nawa na yau. Tare muka yi daka har ta rasu. Kunnena ya manta, hannuna bai manta ba. Kai dai bi ni."

Ta ɗaga taɓarya ta sake. Dum. Ta ɗaga. Dum. Ba sauri, ba nawa, irin dakan wadda ta san akwai na gobe. Na kunna, na rufe ido, na bar muryar, na bi bugu biyu kawai, na cikin inji da na cikin ɗaki. Na cikin inji yana riga nata. Na rage. Yana riga da kaɗan. Na ƙara ragewa, ɗan mitsitsi, kamar yadda na ga Mu'allim yana yi wa matar nan ta Amurka. Bugu biyun suka yi ta matsowa, suka matso, sai na ji sun zama ɗaya. A lokacin ne tayil ɗin ya ce ƙas a ƙarƙashin turmi, ba wanda ya kula.

Sai muryar ta fito. Mai kauri, mai nauyi, tana jan numfashi a natse tsakanin bugu da bugu. A karo na farko na ji abin da take faɗa, ni da na sayar da ita shekara tara. "Na auna na uku, biyu suka ci, kwano ɗaya yana rufe." Ƙaramar murya ta amsa daga cikin inji, babbar murya ta amsa daga cikin ɗaki, kalma ɗaya.

Na ba su waƙar a waya, na rubuta sunan daidai, Tabawa, da sunan ɗan da take jira. Na bi duk wanda na sani na tura masa, na ce a goge wancan. Wasu sun goge. Wasu sun ce mini na da ya fi daɗi, wannan yana sa mutum tunani. Har gobe ina shiga tasi in ji Budurwar Tasawa tana tsalle, in roƙi direba ya kashe. Ba zan iya kamo ta ba, ta riga ta yi nisa, kuma ni na sake ta. Da wannan zan je kabari. Saboda haka in an kawo muku muryar wanda ya mutu, ku sani ba zai tashi ya ce muku ba haka yake ba. Ku nemi wanda ya san shi tun yana da sauran numfashi.

Ita dai Hajiya Rakiya a ranar ba ta ce mini na gode ba, ba ta ce na yafe ba, ban kuma jira ba. Da waƙar ta ƙare, ana jin Tabawa ta ajiye taɓarya, ta sauke numfashi. Hajiya ma ta jingine tata a bango. Ta goge fuska da gefen mayafi, ta matsa kusa da lasifika, ta ɗan rusuna kamar yadda ake yi wa babba, ta ce, "Sannu da aiki, Inna."